Littafin Tarihin Kano: Abin Da Ya Faɗa Da Abin Da A Ke Ɗora Masa

Wata rana da la'asar sakaliya muna zaune a gindin wata darbejiya a Gyaɗi-Gyaɗi, sai gardama ta sarƙe tsakanin wani tela da wani dattijo mai sayar da hatsi a kasuwar Tarauni. Telan ya ce an kafa Kano a shekarar 999, kuma wanda duk ya ce ba haka ba ne bai yi karatu ba, gama shi da idonsa ya gani a littafi. Dattijon ya ce, "Yaro, wa ya ke nan a lokacin da alƙalami a hannu?" Aka yi dariya, aka watse don sallar magariba, ba wanda ya kayar da wani. Na tafi gida ina tunani, na ga kowanensu yana da rabin gaskiya. Shi ya sa na ɗauko littafin da su ke gardama a kansa, na ce bari in auna shi yadda a ke auna littafin lissafi a ofis.

Ya kai mai karatu, musamman kai da ka koyi karatun boko da girmanka, akwai wani tarko da ke jiran mai sabon karatu. Da can abin da ya ji a baki ya kan tambaya, wa ya faɗa? Amma da ya iya karatu, duk abin da ya gani an buga da inji sai ya ɗauka hukunci ne yankakke. Alhali kuwa takarda ba ta ƙin tawada. Mutum ne ya rubuta, kuma mutum ajizi ne.

Littafin da na ke nufi shi ne wanda a ke kira Tarihin Kano. Da Larabci aka rubuta shi, kuma marubucin bai sa sunansa ba. Ya jera sarakuna 48, daga Bagauda har zuwa Sarkin Kano Muhammadu Bello ɗan Ibrahim Dabo, wanda ya hau gado wajen 1883. Wani Bature mai suna H. R. Palmer ya juya shi da Turanci, aka buga a Ingila a 1908, aka sake bugawa a 1928. Sa'an nan Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta fitar da shi da Hausa a 1933 cikin littafi na biyu na Labarun Hausawa da Makwabtansu. Galibin abin da a ke koya wa yara game da Barbushe da Yaji da Rumfa daga nan aka ɗebo shi.

Bari in fara da yabo, don kada a ce na zo da gatari. A duk ƙasar Hausa da wuya ka sami garin da ke da littafi irin wannan. Wasu garuruwan abin da ya rage musu jerin sunaye ne kawai, wane ya yi shekara kaza, wane ya gaje shi. Wannan kuwa ya kan faɗi sunan sarki da na uwarsa, da jarumawansa, da baƙin da suka zo a zamaninsa, da abin da aka fara yi wanda ba a yi da. A cikinsa za ka ji Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa, ɗansa Yusa ya ƙarasa. Za ka ji Kanajeji ne ya kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Za ka ji a zamanin Abdullahi Burja aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, a zamanin Yakubu kuma Fulani suka zo daga Mali da littattafan tauhidi, Asbinawa suka zo da gishiri. Wanda ya karanta da natsuwa zai ga yadda ƙauyukan gindin Dala suka zama birni, birni kuma ya zama kasuwar duniya. Wannan ba ƙaramar gāda ba ce.

To, amma ga abu na farko da ya kamata tela ya sani. Lambar nan 999 ba ta cikin littafin Larabci. Marubucin bai ce Bagauda ya hau a shekara kaza ta Hijira ko ta Miladiyya ba. Abin da ya ke faɗa a ƙarshen labarin kowane sarki shi ne yawan shekarun da ya yi yana mulki. Palmer ne ya kama daga shekarun kusa waɗanda aka sani tabbas, kamar 1807 da mulkin Alwali ya ƙare, ya yi ta ɗebewa yana komawa baya, sarki bayan sarki, har ya tsaya a 389 ta Hijira, watau 999 ta Miladiyya. Saboda shekarar wata ta gaza shekarar rana da kwana 11, shekara 66 da littafin ya ba Bagauda sai suka zama 64 a lissafin Turawa, daga 999 zuwa 1063. Ashe ke nan 999 jimla ce, ba shaida ba ce. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin haraji ya san in lamba ɗaya ta karkace a tsakiyar shafi, jimlar da ke ƙasa ta karkace ke nan, komai kyan rubutun mai tarawa.

Sai mu duba lambobin da aka tara. Bagauda 66, Warisi 33, Gijimasu 40, tagwayen nan Nawata da Gawata 2, Yusa 60, Naguji 55, Guguwa 44. In ka haɗa, shekara 300 ce cif, ba ragi ba ƙari. Duba kuma yadda su ke: 33, 44, 55, 66, sai 40 da 60. In malamin haraji ya kawo mini takardar ƙauyuka bakwai da lambobi masu santsi haka, zan ce masa, "Malam, a ƙarƙashin inuwa ka zauna ka ƙidaya mutanen nan." Ba ina cewa sarki ba ya daɗewa ba ne. Mu kanmu mun ga Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero ya haura shekara 50 a gado, daga 1963 zuwa 2014. Amma a ce irin haka ta faru a jere a jere, uba da ɗa da jika, wannan sai an yi tambaya. Gwada da sarakunan da aka san lissafinsu sosai: Sulaimanu, da Dabo, da Usman, da Abdullahi, su huɗu daga 1807 zuwa wajen 1883, shekara 76 ke nan, watau kowa kamar 19.

Ga kuma wadda ta fi. A jerin da aka buga an ce Guguwa, sarki na bakwai, ɗan Gijimasu ne. Bisa lissafin nan Gijimasu ya rasu a 1134, Guguwa ya hau a 1247, ya rasu a 1290. Ko da a ce ranar da uban ya rasu aka haife shi, ya hau gado yana da shekara 113, ya bar duniya yana da 156. Wannan ba ya shiga hankali. Ɗayan biyu ne. Ko dai kalmar ɗa a nan jika ko tattaɓa-kunne a ke nufi, kamar yadda mu kan ce wane ɗan gidan wane ne, ko kuwa waɗansu sarakuna sun zube daga jerin, aka raba shekarunsu ga waɗanda aka tuna. Ko wanne ne, 999 ta girgiza.

Kada kuma dattijon Tarauni ya yi murna da wuri, ya ce ashe duk tatsuniya ce. Akwai inda lissafin nan ya ci jarrabawa. Littafin ya ce a zamanin Muhammadu Rumfa, sarki na 20, babban malamin nan Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Maghili ya zo Kano. Lissafin komawa baya ya sa mulkin Rumfa daga 1463 zuwa 1499. To, al-Maghili mutum ne sananne a littattafan Larabawa, ya rubuta wa Rumfa littafin Tajuddini a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, kuma akwai wasiƙarsa zuwa ga Sarkin Kano mai ɗauke da shekarar 897 ta Hijira, watau 1491 zuwa 1492. Ka gani, an ƙidayo baya fiye da shekara 300 da lambobin littafin kawai, aka faɗa daidai cikin zamanin da shaida ta waje ta nuna. Littafin ƙarya ba ya yin haka. Kuma abubuwan da ya ce Rumfa ya yi ga su nan muna gani: Gidan Rumfa, da kasuwar Kurmi, da kakaki da a ke busa wa sarki har yau. Gani ya kori ji.

Tsakanin Rumfa da sarakunan farko kuwa akwai wani yanki mai hazo, kuma a nan ne maganar da ta fi muhimmanci ta ke, watau zuwan Musulunci. Tarihin Kano ya ce a zamanin Yaji, sarki na 11, wanda aka ba 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali, kamar mutum 40, shugabansu Abdurrahman Zaite, suka umurci sarki da salla, aka naɗa liman da ladan da alƙali, kuma da taimakon addu'arsu aka ci Santolo. Unguwanni irin su Mandawari da Zaitawa suna nan suna riƙe da sunayen mutanen nan, saboda haka zuwansu ba abin musu ba ne. Amma a 1968 wani malami mai suna Muhammad al-Hajj ya buga wani tsohon littafin Larabci na asalin Wangarawa, wanda aka rubuta a 1061 ta Hijira, watau wajen 1650. Shi kuwa cewa ya yi Abdurrahman ya baro Mali a 835 ta Hijira, wajen 1432, kuma a zamanin Rumfa ya iso Kano, har ya haɗu da al-Maghili. Tsakanin maganganun nan biyu akwai shekara ɗari ko fiye.

Me mai karatu zai yi da shaidu biyu da suka saɓa? Alƙali ba ya korar su duka, ya kan duba inda kowanne ya tsaya ya gani. Littafin Wangarawa ya fi kusa da abin da ya ke ba da labari, kuma labarin kakanninsu ya ke bayarwa. Amma kuma Tarihin Kano ya kawo sunaye irin su Usumanu Zamnagawa, da Umaru, da Dauda, duk kafin Rumfa, kuma ya ce shi Umaru almajirin malamai ne har ya bar sarauta don tsoron Allah. Sunaye da halaye irin waɗannan ba sa samuwa inda Musulunci bai shiga ba. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne, Wangarawa 'yan kasuwa da malamai sun yi ta zuwa ayari bayan ayari, baki kuwa ya tara su duka a ƙarƙashin sunan malami ɗaya da ya fi shahara. Haka baki ya ke yi kullum. Rijiyar da mutum goma suka haƙa, bayan shekara ɗari sunan mutum ɗaya za ta ɗauka. Irin wannan saɓani ya sami labarin Amina ta Zazzau: Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Dauda, 1421 zuwa 1438, labarin mutanen Zazzau kuwa ya kai ta ƙarni na 16.

Abu na gaba shi ne mu tambaya, wa ya rubuta, kuma don wa? Masana sun yi ta ja-in-ja. Murray Last a 1980 ya ce an fara harhaɗa shi tun wajen tsakiyar ƙarni na 17, aka yi ta ƙari daga baya. John Hunwick a 1994 ya ce aikin mutum ɗaya ne a zamanin Sarki Bello, kuma ya nuna yatsa ga Ɗanrimi Malam Barka, ɗaya daga cikin manyan bayin sarki. Ko wanne ka bi, abu ɗaya ya tabbata: a fāda aka haifi littafin nan, kuma daga bakin mabusa da maroƙa da tsofaffin gidan sarki aka tattara yawancin abin da ke ciki, shi ya sa ya cika da kirari. Wanda ya ke ci a akushin sarki kuwa akwai abin da ba zai faɗa ba. Ga misali. Wani matafiyi, Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, a littafinsa da aka buga a Italiya a 1550, ya ce Askiya na Songhai ya yaƙi Kano ya ɗora mata haraji. Tarihin Kano bai ce uffan ba a kan wannan. Waɗansu masana suna shakkar maganar matafiyin, kuma suna da hujja. Amma mai karatu ya sani, shirun littafin fāda a kan ranar kunya ba shaida ba ce cewa ranar ba ta zo ba.

A nan ne na ke da ƙorafi mafi girma, ba a kan marubucin ba, a kanmu masu karatu. Mun ɗauki littafin sarakunan Kano mun mai da shi littafin Kanawa. Mu mutanen Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni a bayan ganuwa mu ke, kuma mutanen bayan ganuwa, manoma da makiyaya da masaƙa da marina, ba su cika shiga littafin nan ba sai ranar da aka ci su da yaƙi ko aka ɗora musu wani abu. An ambaci manoma a zamanin Naguji don shi ne ya fara karɓar kashi ɗaya cikin takwas na amfanin gona. An ambaci makiyaya a zamanin Kutumbi, 1623 zuwa 1648, don shi ne ya fara karɓar jangali. Amma wa ya ɗauki ƙasar da aka gina ganuwa? Wa ya noma dawar da aka ciyar da magina? Su ma tarihi ne, kuma su ne kakannin yawancinmu.

Har wa yau, wanda ya ce an kafa Kano a 999 ya rage wa Kano shekaru ne, bai ƙara mata ba. Littafin da kansa bai ce Bagauda ya tarar da daji ba. Ya buɗe ne da labarin Barbushe na zuriyar Dala da mutanensa masu bauta wa Tsumburbura, kuma ya ce suna da maƙeri, Gijigiji, da mai magani, Hanburki, da mai haƙar tama ya narka ta, Maguji. Mutanen da suka raba sana'o'i haka ba jiya suka zauna ba. Ƙasa ma ta ba da shaida. An tono tsohuwar matoyar narka tama a Dala, aka ɗauki gawayin da ke ciki aka auna. Masana suna da hanyar awon gawayi, gama akwai wani sinadari a jikin itace da ke raguwa a hankali bisa ƙa'ida tun daga ranar da itacen ya mutu, in an ga abin da ya saura sai a ƙiyasta shekarun da suka wuce. Sakamakon da aka buga a 1971 ya nuna wajen ƙarni na 7 na Miladiyya, watau fiye da shekara 300 kafin shekarar da a ke ba Bagauda. In ba ƙira, me ya ci gawayi? Ashe tun kafin a yi sarki a Kano akwai masu zuga wuta a gindin dutsen nan suna fitar da ƙarfen fartanya da gatari. Abin da ya faru a zamanin Bagauda shi ne zuwan wata sarauta, ba zuwan mutane ba. Littafin ma ya ce shi Bagauda a Sheme ya zauna, kuma sai a zamanin Tsamiya, sarki na tara, aka iya rushe wurin bautar Tsumburbura. Watau baƙi da 'yan ƙasa sun daɗe suna kallon juna kafin ɗaya ya rinjayi ɗaya.

To, yaya za mu karanta littafin nan? Shawarata ita ce a raba shi kashi uku, kamar yadda akawu ya kan raba takardun da ke gabansa. Daga Rumfa zuwa ƙasa, kamar rasit ne mai hatimi: ka yarda da jerin sarakuna, ka yarda da shekarun, sai dai ka tuna bakin fāda ne ke magana. Daga Yaji zuwa Rumfa, kamar maganar shaida ce mai gaskiya wanda ya tsufa: abin da ya ce an yi, an yi, amma ya kan gabatar da na baya, ya jinkirtar da na gaba. Daga Barbushe zuwa Yaji kuwa, kamar wasiyyar kaka ce da ta bi ta bakin jikoki da yawa: akwai zinariya a ciki, sunayen wurare da sana'o'i da yadda aka yi ta fama tsakanin sarauta da tsafi, amma kada ka rantse a kan lambobinta.

Wani zai ce, mene ne amfanin wannan wahala, tun da mutanen duk sun mutu? Amfaninta shi ne, da tarihi a ke yin gardamar yau. Da shi a ke cewa gidan wane ya girmi gidan wane, garin nan ya riga wancan, wane ɗan gari ne, wane baƙo. Wanda ya karanta littafin nan da idon basira zai ga Kano da baƙi aka gina ta: Bagauda baƙo ne, Wangarawa baƙi, Barebari da Fulani da Larabawa da Asbinawa duk zuwa suka yi aka karɓe su. Sa'an nan yaran makaranta suna haddace 999 kamar aya, su ci jarrabawa, ba tare da an taɓa gaya musu yadda aka samo ta ba. In an nuna musu lissafin Guguwa sau ɗaya, sun koyi abin da zai amfane su a kan kowace takarda da za a miƙo musu har ƙarshen rayuwarsu.

Saura aiki ɗaya da ya rataya a wuyanmu. Abin da littafin fāda ya bari a waje, yana nan a bakin tsofaffinmu, kuma kullum ana binne su da shi. Kai da Allah Ya ba ka ikon rubutu, sayi littafin rubutu ɗaya, ka zauna gaban dattijon unguwarku. Tambaye shi wa ya sari wurin, daga ina ya zo, ina tsohuwar rijiya ta ke, ina aka yi marina, wace hanya fatake su ke bi. Rubuta abin da ya gani da idonsa dabam, abin da ya ji daga ubansa dabam. Sa sunanka, ka sa kwanan wata da shekara, abu biyun da marubucin Tarihin Kano bai sa ba, har masana suka shekara suna gardama a kai.

Da na koma gindin darbejiyar nan na gaya wa mutanen biyu abin da na samo. Telan ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, Malam, yanzu in an tambaye ni shekarun Kano me zan ce?" Na ce masa ya ce jerin sarakunanta, bisa lissafin da aka yi, ya kai shekara dubu ko kusa da haka, zaman mutane a gindin Dala kuwa ya wuce nan nesa. Dattijon ya gyara zama ya ce shi ma kakansa ya bar masa labarin yadda aka zauna a unguwarsu, in akwai mai rubutawa. Mun yi alkawari ran Juma'a bayan an sauko masallaci. Allah Ya ba mu ikon cikawa, Ya jiƙan magabata, amin.